Hammawa da Birkin Gaggafa

Hammawa Bakari bai taɓa mallakar mota ba, amma ya tuƙa sabbin motoci fiye da kowane attajiri a garin Bauchi. Shekara ashirin da shida ya yi a kamfanin haɗa motoci na Tsauni, can bakin gari ta hanyar Ningi. Aikinsa ɗaya ne: duk motar da aka gama haɗawa, shi zai fara fita da ita titi, ya dawo, ya sa hannu a takarda cewa lafiyarta lau. In bai sa hannu ba, mota ba ta barin ƙofar kamfani.

Asalinsa ɗan ruga ne daga wajejen Dass. Yana da shekara goma sha biyar ciwon huhu ya shiga garken mahaifinsa, kafin damina biyu shanu suka ƙare sai 'yan ƙalilan. Malam Bakari ya tattara iyalinsa ya shigo birni, suka raɓe a gidan wani ɗan uwa a bayan Ƙofar Ran. A nan Hammawa ya faɗa gareji, daga gareji ya koyi tuƙi, daga tuƙi marigayi Alhaji Mansir, wanda ya kafa Tsauni, ya ɗauke shi aiki.

Dogo ne siriri, ba ya cin goro, ba shi da yawan magana. In zai gwada mota sai ya tuɓe takalmi ya ajiye a gefe, ya ce tafin ƙafa ya fi ido sanin halin birki. Ba ya kunna rediyo. Yakan karkata kai kamar mai sauraron raɗa, ya dawo ya ce wa bakanike, "Duba ƙusa ta uku a ƙafar baya ta hagu." A duba, a tarar ta saki. Ma'aikata na kiransa Hamma, har waɗanda suka girme shi. Da abin da ya samu a wannan aiki ya gina ɗakuna uku a Gwallameji, ya zauna da matarsa Hamsatu, suka aurar da 'ya'ya mata biyu.

A zamanin Alhaji Mansir, Tsauni na haɗa akori-kura da ƙananan bas-bas, ma'aikata sun haura ɗari uku. Daga baya motocin Kwatano suka cika kasuwa, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, masu saye suka ja baya. Lokacin da tsohon ya rasu, mutum hamsin da takwas suka rage, aiki kwana uku a mako, ciyawa ta tsiro tsakanin tsofaffin ƙarafa har awakin unguwa na shigowa kiwo.

Sai ɗansa Sabitu ya dawo daga karatu a ƙasar waje ya hau kujerar manaja. Mutum ne mai zafin nama, bai kai arba'in ba, kuma yana son kamfanin ubansa har cikin ransa. Wata Litinin ya tara ma'aikata ya buɗe musu wani zane. Mota ce mai kujera biyu, ja, gajera har kamar za ta shafi ƙasa. Ya ce guda goma sha biyu kacal za a yi, kowace da lambarta a kan farantin tagulla. Za a kawo inji daga waje, amma jiki da kujeru da fenti duk aikin Bauchi ne. Sunanta Gaggafa. In manyan masu kuɗi suka saya, sunan Tsauni zai sake tashi, masu neman bas za su dawo.

Ja'afaru mai fenti, aminin Hammawa tun zaman Ƙofar Ran, shi ya fara magana. Ya ce, "Yallaɓai, mota mai kujera biyu a Bauchi? To uwargida ta shiga, yara kuma su biyo a keke?" Aka yi dariya, har Sabitu. Amma bayan wata takwas, ranar da aka turo ta farko daga ɗakin fenti, babu wanda ya yi dariya. Ja'afaru ya yi mata shafe bakwai, mutum na ganin haƙoransa a jikin ƙofa. Masu walda da masu ɗinkin kujera suka kewaye ta shiru, wani dattijo har da goge ido.

Alhaji Ɗanlarai, mai tankoki da gidajen mai, ya yi alkawarin ɗaukar biyar, ya ce kuma zai gayyato abokansa daga Kano da Abuja. Aka sa ranar Asabar za a nuna motar a gidan su Sabitu da ke GRA. Ranar Talata aka miƙa wa Hammawa makulli.

Ya fita da hantsi, damina ta yi nisa, gari ya yi kore. Ya bi ta Yelwa ya ɗauki hanyar Dass, hanyar da ya sani kamar tsakar gidansa. Da ya taɓa totur, motar ta zabura har bayansa ya manne da kujera. A duk shekarunsa bai taɓa jin irin wannan ba. Inji na gurnani a bayan kansa, sitiyari na bin hannunsa kamar ya san abin da ke ransa. Ya sami kansa yana murmushi shi kaɗai.

Ya taka birki da ƙarfi, ta tsaya cak. Ya sake gudu, ya sake takawa, ta tsaya. A karo na huɗu ya ji abin takawar ya yi laushi a tafin ƙafarsa, kamar ya taka ɗanyen tuwo. Wani ƙauri ya shigo hancinsa. Lokacin ya riga ya hau kan wata doguwar gangara da ke gangarawa zuwa wata ƙaramar gada. Ya taka, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, motar ba ta ko rage gudu ba.

Allah ya taimake shi hanya babu kowa. Ya sauke giya ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan, har ya wuce gadar ya tsaya can gaba a gindin wata ɗorawa. Ya fito ƙafa ba takalmi. Hayaƙi na tashi daga ƙafafun gaba. Ya zauna a kan dutse kusan rabin sa'a. Da ya koma ya taka, birki ya kama garau kamar ba abin da ya faru. Wannan ya fi tayar masa da hankali fiye da tsinkewar.

Da ya dawo, Injiniya Paulina ya fara nema. Ita ce ta jagoranci haɗa motar, 'yar Tafawa Ɓalewa, mai tsare gida a wurin aiki. Ya faɗa mata abin da ya faru. Ta cire tabarau.

"Baba, na ji tsoron haka," in ji ta. "Faifan birkin da aka yi odarsa domin wannan injin bai iso ba. Na ƙananan motoci muka ɗaura. In ya yi zafi man birki tafasa yake yi. Na faɗa wa manaja tun watan jiya."

"Na gaskiyan yaushe zai zo?"

"Mako shida, in an yi sa'a."

Tare suka shiga ofishin Sabitu. Ya saurare su a tsaye, yana juya biro a hannu. Da suka gama ya tura takardar gaban Hammawa.

"Baba Hammawa, ka yi aiki da mahaifina, ba zan yi maka ƙarya ba. In Asabar ta wuce ba a nuna motar nan ba, Alhaji Ɗanlarai zai janye. In ya janye, sauran ba za su zo ba. Ni kuma ba ni da wata dabara bayan wannan. Rufewa za mu yi."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Nunawa kawai za a yi. Babu wanda zai karɓi mota sai kayan sun iso an canja. Ka sa hannu don baƙi su ga takarda."

Hammawa ya dubi takardar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke rubuce a nan shi ne motar lafiyarta lau. Ba lafiyarta lau ba."

Sabitu ya buga biron a kan tebur. "Mutum hamsin da takwas, Baba! Kana so in fita in ce musu saboda sa hannunka kowa ya tafi gida?"

Hammawa bai ɗauki biron ba. Fanka na juyawa a sama, Paulina ta sunkuyar da kai. Can Sabitu ya ja numfashi ya janye takardar. Ya ce to a bar maganar sa hannu. Amma ranar Asabar Alhaji zai so a zaga da shi, kuma Hammawa ne zai tuƙa, a cikin GRA kawai, a hankali, inda birki ba zai yi zafi ba. Sharaɗi ɗaya: kada ya ce wa kowa komai. In ya ƙi, akwai direban gida, shi ba ruwansa da tambaya.

Hammawa ya tuna direban gidan, mai son a gan shi yana gudu. Ya ce, "Zan tuƙa."

Magana ba ta ɓuya a Tsauni. Kafin Laraba kowa ya ji Hamma ya ƙi sa hannu, ko da yake ba kowa ya san dalili ba. Ya shiga rumfar cin abinci, hira ta mutu. Ranar Alhamis bayan la'asar Ja'afaru ya zo har Gwallameji. Hamsatu ta shimfiɗa musu tabarma a zaure ta kawo fura, Ja'afaru bai taɓa ba.

"Hamma, shekara talatin muna tare. Me kake so ka ja mana?"

"Ja'afaru, birkin nan na tsinkewa. Da ni ya tsinke."

"Ai ga ka a zaune da ranka. Kai ka aurar da naka, ka gina gida. Ni bakwai ne a gabana, kuma ban iya komai ba sai fenti. Kwana biyu ya rage. Ka rufe bakinka kwana biyu, shi ke nan abin da muke roƙo."

"Na ce zan yi shiru."

"To ka riƙe maganarka." Ya tashi ya sa takalmi ya tafi ba sallama.

Hamsatu na bayan ƙofa, ta ji komai. Ta fito ta ɗauki ƙwaryar furar, ta tsaya. Ta ce, "Malam, shi mutumin da za ka ɗauka a motar ranar Asabar, ya san da wannan?" Ya ce bai sani ba. Ta ce, "To." Ta shige ciki. Wannan "to" ɗin ya hana shi sakewa har Asabar.

Da safiyar Asabar aka yi ruwa, kafin azahar ya ɗauke. An kafa rumfuna a farfajiyar gidan GRA, ƙarƙashin manyan bishiyoyin maɗaci, motocin baƙi sun yi layi har bakin titi. Ma'aikatan Tsauni na gefe guda cikin wankakkun kaya. Da aka yaye farin ƙyallen da ya rufe Gaggafa, aka ɗauki tafi, wayoyi suka tashi sama. Sabitu ya yi jawabi.

Alhaji Ɗanlarai ƙaton mutum ne mai yawan dariya. Kafin ya yi arziki shi ma direban tanki ne, kuma ba ya bari a manta. Ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya cusa kansa cikin kujera da ƙyar, jama'a na shewa. Hammawa ya tuɓe takalmi ya shiga. Sabitu ya sunkuyo ta taga ya ce, "A zaga da Alhaji cikin unguwa."

"Wace unguwa?" in ji Alhaji. "Ni za a zaga da ni kamar amarya? Malam, ɗauki hanyar Dass. Ina so in ji abin da zan saya."

Sabitu ya dubi Hammawa. Baƙi na kallo, babu halin musu. Ya yi murmushin dole ya ja da baya.

Hammawa ya bi gari a hankali, masu keke na leƙe, mutane na nuni. Ya wuce Yelwa, ya wuce kwanar gidansa a Gwallameji, bai haura gudun bas ba. Alhaji ya fara tsaki. Da suka fita daga gidaje ya ce, "Kai, tsaya. Jaki ma ya fi wannan sauri. Tsoro kake ji?"

Hammawa ya gangara gefe ya tsaya. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba. Ya tuna fuskar Ja'afaru. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai magana. Birkin motar nan in ya yi zafi tsinkewa yake yi. Ba nata ne aka ɗaura ba, nata na hanya. Shi ya sa ba na gudu."

Dariyar Alhaji ta ɗauke. Ya ce, "Fito in ji." Hammawa ya ɗauka takawa kawai zai yi a tsaye, ya fito ya ba shi wuri. Alhaji ya zauna, ya taka sau uku, birki ya tsaya tauri kamar dutse.

"Wannan ne ke tsinkewa? Ni za ka koya wa birki? Shekara goma sha huɗu ina saukowa daga Jos da tanki cike da mai." Ya zare ido. "Wa ya aiko ka ka ɓata wa yaron nan ciniki?"

"Wallahi babu kowa. Yanzu a sanyaye yake. Sai ya..."

Alhaji ya tayar da inji. "In za ka shiga ka shiga, in ba haka ba ka jira ni nan."

Hammawa ya dubi hanyar, ya san abin da ke gaba. Ya zaga da sauri ya faɗa kujerar gefe, ya ja bel ya ɗaure, ya miƙa hannu ya ɗaura wa Alhaji nasa duk da yana ture shi.

Motar ta fizga. Alhaji ya yi gudu, ya taka birki har tayoyi suka yi ƙara. "Ga birki!" Ya sake gudu, ya sake takawa. "Ga birki, malam!" Hammawa na ƙirgawa a ransa. Ya ce, "Don Allah Alhaji ya isa, kana ƙara masa zafi ne." A na huɗu ƙaurin ya shigo. Alhaji bai kula ba, ya danna totur, suka haye tudu, gangarar ta buɗe a gabansu.

Ranar Talata hanyar babu kowa. Yau wata tifa ta lalace daidai bakin gada a hannunsu, an jera ganye a kan kwalta. A gefen dama kusa da ita mata uku na gasa masara. Daga ɗaya hannun kuma wata bas na tahowa cike da mutane.

Alhaji ya taka. Hammawa ya ga ƙafar ta tafi har ƙasa. Alhaji ya sake takawa, ya sake, bakinsa a buɗe. "Innalillahi! Babu! Babu birki!"

"Taka kuloci!" Hammawa ya daka masa tsawa, abin da bai taɓa yi wa babba ba. Alhaji ya taka, Hammawa ya cafki giya da hannun hagu ya sauke. "Saki!" Inji ya yi kururuwa, motar ta girgiza. "Taka! Saki!" Ya sake saukewa. Ya kama birkin hannu yana ja yana sassautawa don kada bayan motar ya juya. Gudu ya ragu, amma bai isa ba. Tifar na girma a gilashi, har yana iya karanta rubutun da ke bayanta. Matan suka miƙe, ɗaya da goyo.

Kafin a kai wurin matan akwai gonar masara a dama, da ɗan kwari tsakaninta da titi. Hammawa ya saki birkin hannu, ya kama sitiyari da hannu biyu ta kan hannun Alhaji, ya murɗa da duk ƙarfinsa. Motar ta bar kwalta, ta daki bakin kwarin, ta yi sama, ta faɗa cikin gona. Karan masara na dukan gilashi, laka na tashi, suka keta kunya bayan kunya har ƙasar da ruwa ya jiƙa ta riƙe tayoyin. Inji ya mutu.

Shiru, sai ƙarar ƙarfe mai hucewa. Jini na sauka daga goshin Hammawa, kafaɗarsa ta dama ta ƙi motsi. Alhaji na riƙe da wuyan hannunsa, wanda ya karye, yana salati. Mai gonar, wani dattijo Elisha, ya iso da fartanya a hannu, matan na biye. Bai tambayi masararsa ba, ya fasa sauran gilashin ya taimaka aka jawo su.

Suna zaune a kan kunya ana jiran motar da za ta kai su asibiti, Alhaji ya juyo. Fuskarsa ta yi fari-fari da laka.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Talata, ranka ya daɗe."

"Tun Talata. Ka bari na shiga a gaban jama'a, ba ka ce komai ba sai da muka zo daji."

Hammawa ya sunkuyar da kai. Har yau in an tayar da maganar yakan ce Alhaji ya fi shi gaskiya a nan.

A GRA baƙi suka jira har la'asar. Labari ya iso kafin a gama cin shinkafa, aka watse ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Ɗanlarai bai kai ƙara ba, bai yi magana da 'yan jarida ba, amma ya aika wa Sabitu cewa ya janye. Shi ya biya Elisha ɓarnar gonarsa. Sabitu ya zo asibiti ya tsaya a bakin gadon Hammawa, ya dube shi, ya juya ya fita.

Kayan birkin suka iso bayan mako tara. Paulina ta ɗaura su, ta zo da kanta har gida ta roƙi Hammawa ya gwada. Ya gwada sau goma sha biyu a kan gangarar nan, birki bai yi laushi ba, ya sa hannu. Amma labari ya riga ya zaga. Cikin goma sha biyu, huɗu kaɗai aka haɗa, uku suka sami masu saye. Tsauni ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni, sannan Sabitu ya sayar da rabin filin, ya koma haɗa keke mai ƙafa uku da mutum ashirin. Ja'afaru ba ya cikin ashirin ɗin.

Babu wanda ya kori Hammawa. Amma in ya zauna a benci sai a matsa, in ya yi sallama a amsa a ciki. Wasu na cewa da ya yi shiru ya lallaɓa Alhaji suka dawo, da yanzu kowa na bakin aikinsa. Wasu na cewa da ya yi magana tun a GRA, da ba a kai ga gona ba. Ya ga duka biyun suna da abin faɗa. Ya ajiye aiki da kansa, kafaɗar ma ba ta koma daidai ba.

Ya kafa 'yar rumfa a bakin titin Gwallameji yana gyaran birki. Bayan wata shida tankokin Alhaji Ɗanlarai suka fara tsayawa a wurinsa kafin su ɗauki hanya. Direbobin suka ce umarnin maigida ne. Shi Alhajin bai taɓa zuwa ba, ko a ɗaurin aure suka haɗu hannu kawai yake ba shi ya wuce.

Shekara biyu Ja'afaru bai tsaya a wurinsa ba. Ya koma tuƙa keke mai ƙafa uku tsakanin Wunti da Gwallameji, in ya zo daidai rumfar sai ya kau da kai. Wata Laraba da hantsi sai ga shi ya turo keken da hannu, gumi ya jiƙa masa riga. Ya tsaya nesa kaɗan, ya yi sallama ba tare da ya ɗago ido ba.

"Birki ne ke ja gefe ɗaya," in ji shi. "Na kai wa mutum biyu, sun ce lafiya lau."

Hammawa ya miƙe, ya shiga keken ya je har kwana ya dawo. Ya ce fatar birkin hagu ta cinye, ta dama kuma mai ya jiƙa ta, aikin sa'a guda ne. Ya jawo benci da ƙafa ya tura masa. Ja'afaru ya zauna a ƙarshen bencin.

"Har yanzu ina ganin ka cuce mu, Hamma," ya ce, yana kallon titi.

"Na sani," in ji Hammawa. Ya durƙusa ya sa jak a ƙarƙashin keken. "Miƙo min sifana mai lamba goma sha huɗu, tana nan kusa da ƙafarka."

Ja'afaru ya duba, ya ɗauko, ya miƙa masa.